Tambayoyi da Amsoshi Kan Saita Tazarar Tsirkiya da Zaɓen Matashi da Jaki a Jitar Haɗin Gida

Yawancin waɗanda suka haɗa jita da hannunsu, ko da akwatin katako ko da galan ɗin mai, suna gamuwa da matsala iri ɗaya a ranar da suka ɗaura tsirkiya: ko dai tsirkiyar ta yi nisa da wuya har yatsu su yi ciwo, ko kuma ta kwanta tana dukan ƙarfe tana ƙara. Wurare biyu ne tsirkiya take zama a kansu. Na farko shi ne ɗan guntun da ke ƙarshen wuya kusa da kan jita, wanda masu gyara suke kira nat, mu kuma za mu kira shi matashi. Na biyu shi ne jaki, kamar yadda masu goge da garaya suke kiran abin da ke tallafe da tsirkiya a kan fata, kuma siririn ƙashin da ake kafawa a kansa shi ne sirdi. Ƙananan ƙarafan da aka gitta a wuya su ne firet.

Mece ce tazarar tsirkiya, kuma a ina ake auna ta?

Ita ce ratar da ke tsakanin ƙasan tsirkiya da saman firet, ba saman katakon wuya ba. An saba auna ta a firet na 12, saboda nan ne tsakiyar tsirkiya, inda take yin lilo mafi faɗi idan an kaɗa ta sake. Dole ne a auna bayan an ja tsirkiyoyi duka sun kai sautinsu, kuma a riƙe jitar yadda ake riƙe ta wajen kiɗa, domin idan an kwantar da ita a kan tebur nauyin wuya yakan ɗan canza awon.

Wace tazara ce ta dace?

A jitar akwati mai tsirkiyar ƙarfe, ana neman kusan milimita 2.4 a tsirkiya mafi kauri da kusan milimita 1.6 zuwa 2 a mafi siriri. Jitar lantarki tana iya sauka zuwa milimita 2 a kaurin da 1.5 ko ƙasa da haka a siririn, tunda ba a buƙatar dukanta da ƙarfi kafin a ji ta. Mai tsirkiyar nailan kuwa tana son kusan milimita 4 da 3, domin nailan ba shi da tauri sosai kuma lilonsa ya fi faɗi.

Waɗannan alƙaluma an ɗauko su ne daga jitocin masana'anta, waɗanda aka daidaita firet ɗinsu da kayan aiki na musamman. A jitar gida, inda da wuya a samu firet ashirin duk sun yi kai ɗaya, shawarata ita ce a fara da ƙarin rabin milimita a kan kowane awo, a yi kiɗa da ita na 'yan kwanaki, sannan a riƙa saukewa kaɗan-kaɗan. Rage ƙashi abu ne mai sauƙi, amma mayar da abin da aka goge ba ya yiwuwa sai an sake yanka sabo.

Ba ni da ma'aunin masu gyaran jita. Da me zan auna?

Abubuwan da ke aljihu sun isa. Kaurin katin ATM milimita 0.76 ne, saboda haka kati biyu a haɗe sun kai kusan 1.5, uku kuma kusan 2.3, wanda ya yi daidai da abin da ake nema a tsirkiya mai kauri. Takardar A4 ta yau da kullum kusan milimita 0.1 ce. Guntun tsirkiya mafi siriri ta jitar lantarki, wadda ake kira lamba 10, kaurinsa milimita 0.25 ne. Wanda yake da makaniki a kusa yana iya aron fila geji, wato ma'aunin nan mai ganye-ganyen ƙarfe da ake auna bakin fulogi da shi, kuma ya fi duk waɗannan daidaito. Rular ƙarfe ma tana aiki, matuƙar lambobinta sun fara daga ainihin bakinta.

Da wane ɓangare ake farawa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma rashin saninta ne yake sa mutane su lalata ƙashi uku ko huɗu ba tare da matsalar ta gushe ba. Ana farawa da wuya, sannan matashi, sannan jaki, daga ƙarshe a daidaita sauti. Dalili kuwa shi ne kowane mataki yana canza wanda ke bayansa: idan aka goge sirdi alhali wuya a lanƙwashe yake, ranar da aka miƙe wuyan tsirkiya za ta kwanta a kan firet.

Don duba wuya, a danne tsirkiya mai kauri a firet na 1 da kuma firet ɗin da ke inda wuya ya haɗu da akwati, a lokaci guda, sannan a dubi ratar da ta rage a firet na 7 ko na 8. Tsirkiyar a nan ta zama miƙaƙƙen layi da ake gwada wuyan da shi. Ana son a ga 'yar rata ta kusan milimita 0.2 zuwa 0.3, wato kaurin takarda biyu ko uku. Idan babu rata ko kaɗan, wuyan ya miƙe da yawa ko ya bankare baya, kuma firet na farko-farko za su yi ƙara. Idan ratar ta kai kaurin katin ATM, wuyan ya rusuna gaba da yawa. Jitocin kanti suna da sandar ƙarfe a cikin wuya da ake juyawa a gyara wannan, kuma ba a wuce rubu'in juyi a lokaci ɗaya. Jitar gida galibi ba ta da ita, don haka idan wuyan ya rusuna gaba maganin shi ne a sa tsirkiyoyi marasa kauri ko a sassauta sautin. Ya kamata a san cewa tsirkiyoyin ƙarfe shida na jitar akwati suna jan wuya da ƙarfin da ya kai kusan kilo 70, na nailan kuma kusan kilo 40. Wannan ne ya sa masu haɗa jitar akwatin sigari a Amurka suka fi yin mai tsirkiya uku ko huɗu, wadda sandar katako mai tauri take iya ɗauka ba tare da ƙarfe a ciki ba.

Yaya zan san matashi ya yi tsawo?

A danne tsirkiya tsakanin firet na 2 da na 3, sannan a dubi firet na 1. Ya kamata a ga rata ƙanƙanuwa ƙwarai, wadda takarda ɗaya za ta shige da ƙyar, kuma idan an ɗan taɓa tsirkiyar a wurin a ji ta yi ɗan ƙas. Idan ratar tana bayyane daga nesa, matashi ya yi tsawo. Idan tsirkiyar ta riga ta zauna a kan firet ɗin, an yanka ramin ya zarce.

Matashi mai tsawo yana da alamomi biyu da ba sa ɓuya. Yatsu suna wahala a firet uku na farko fiye da ko'ina, kuma sautin waɗannan wurare yana hawa sama da yadda ya kamata, saboda kafin tsirkiya ta isa firet an riga an miƙe ta. Mutane da yawa suna zargin cewa sun sa firet a wurin da ba daidai ba, alhali matashi ne kawai bai sauka ba.

Yaya ake yanka ramukan matashi?

A raba fensir gida biyu a tsaye, ko a goge gefensa a kan samfefa har bakin ya yi daidai da shafaffen gefen, sannan a kwantar da shi a kan firet biyu na farko a ja layi a fuskar matashin. Wannan layi shi ne tsayin firet, kuma ramin bai kamata ya taɓa shi ba. A tsaya ɗan sama da shi, a ɗaura tsirkiya, a gwada, a sake gogewa.

Ramin ya gangara zuwa wajen kan jita, ta yadda wuri mafi tudu zai kasance a bakin da ke fuskantar firet. Idan tudun ya koma tsakiya ko baya, tsawon tsirkiya ya ƙaru ke nan ba a sani ba, sauti zai ɓaci kuma za a ji wata 'yar ƙara mai kama da ta sauro. Faɗin ramin ya ɗara kaurin tsirkiya kaɗan kawai. Idan ya matse, tsirkiya za ta riƙa maƙalewa tana yin ƙyas yayin da ake juya maɗauri, idan kuma ya yi faɗi za ta riƙa yawo. Zurfin da ake so a masu kauri shi ne rabin jikinsu ya shige, rabi ya fito. Abin da ya yi saura a sama a goge shi.

Ga wanda ba shi da magagarin da aka yi don wannan aiki, ruwan zarton ƙarfe da aka goge gefensa ya sirance yana yanka ramukan sirara. Ƙananan wayoyin da masu walda suke share bakin tocilan gas da su suna da kauri daban-daban kuma suna gyara ƙasan rami ya yi zagaye. Guntun tsohuwar tsirkiya mai naɗi ma yana gogewa. Idan an gama, a shafa bakin fensir a cikin ramin don tsirkiya ta riƙa zamewa. Matashi ba ya son gam mai yawa: ɗigo biyu sun isa, domin wata rana za a so cire shi.

Na yanka rami ya zarce. Sai na jefar?

Ba lallai ba ne. Idan rami ɗaya ne, a cika shi da garin ƙashi, a ɗiga sufa gulu, a bari ya bushe sarai, a sake yankawa. Idan duka ne suka yi ƙasa, a cire matashin a liƙa siririn katako a ƙarƙashinsa.

Nawa zan rage daga sirdi don tazara ta sauka?

Ninki biyu na abin da ake so a firet na 12. Tunda firet na 12 yana tsakiyar tsirkiya, duk milimita 1 da aka cire daga sirdi rabin milimita ne kawai zai sauka a can. Wanda tazararsa take 3.4 yana son ta koma 2.4, sai ya cire milimita 2. Daga ƙasan sirdi ake gogewa, a kan samfefar da aka shimfiɗa bisa gilashi ko tayil, bayan an ja layi da fensir. Ƙasan ya fito a shafe sarai, saboda duk inda bai zauna ba sauti ba ya wucewa zuwa akwati. Ba a sa wa sirdi gam. Nauyin tsirkiya ne yake riƙe shi.

Akwai iyaka. Idan sirdin ya kusa nutsewa cikin jaki, abin da ya fito bai kai milimita 1.5 ba, tsirkiya ba ta ƙara danna shi da ƙarfi, sauti kuma ya yi rauni. Idan an kai nan tazara ba ta sauka ba, matsalar tana kusurwar da wuya ya haɗu da akwati. A wuyan da aka ɗaure da sukuru, sai a kwance shi a sa siririn katako a gindinsa ta ɓangaren akwati don kan jitar ya ɗan koma baya.

A ina daidai ake ajiye jaki?

A auna daga bakin matashi zuwa tsakiyar firet na 12, a ninka biyu. A tsawon da kamfanin Fender ya saba amfani da shi, milimita 648, firet na 12 yana kan 324. Na Gibson kusan 628 ne, jitar nailan kuma 650. Sai dai ba a tsayawa a wannan lissafi, domin danna tsirkiya yana ƙara mata tauri ya ɗaga sautinta, don haka ana ja da jaki baya kaɗan: kusan milimita 1.5 zuwa 2 a ɓangaren siririya, 3 zuwa 5 a ɓangaren mai kauri. Shi ya sa ake ganin sirdin jitar ƙarfe a karkace.

Gwajin yana da sauƙi da manhajar saita sauti ta waya. A kaɗa tsirkiya sake, sannan a danne ta a firet na 12. Ya kamata manhajar ta nuna harafi ɗaya, allura a tsakiya. Idan na dannen ya hau, a ja jaki baya. Idan ya gaza, a turo shi gaba. Saboda wannan nake ganin jakin da ba a liƙa ba, irin na goge da garaya wanda tsirkiya kaɗai take dannewa, ya fi dacewa da jitar farko, domin ana iya matsar da shi har a dace. Mdou Moctar, makaɗin jita na Nijar, ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, kuma har yau yara suna bin wannan hanya. Idan irin wannan waya ta fi tsirkiyar kanti tauri, takan bukaci a ja jaki baya fiye da awon da ke sama.

Wane abu ne ya fi kyau a yi matashi da sirdi da shi?

Ƙashin saniya, musamman na ƙwauri, shi ne abin da masu haɗa jita suka fi yarda da shi, kuma a wajenmu ba ya wahalar samu a wurin mahauta. Yana da tauri, yana gogewa sumul, tsirkiya ba ta cin sa da sauri. Ƙashin raƙumi ma ana amfani da shi don wannan aiki. Tagulla tana ba da sauti mai kaifi da daɗewa, amma tana da nauyi, kuma a kan akwati mai siririn murfi nauyin jaki yana rage ƙarfin sauti. Alminiyam yana da sauƙin yankawa amma tsirkiyar ƙarfe tana cin sa. Ƙaho ya fi ƙashi laushi kuma zafi yana lanƙwasa shi. Robar da ake samu a jitoci masu araha, wani lokaci ma cikinta fanko ne, ita ce mafi rauni, ko da yake akwai kayan masana'anta masu kyau irin su Tusq na kamfanin Graph Tech da ke Kanada. Hauren giwa kuwa, wanda aka yi amfani da shi a da, an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun bayan matakin 1989 na yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji, kuma ƙashi yana yin aikinsa.

A itatuwanmu, ƙirya da kanya da marke duk suna da taurin da ake bukata don jaki, har ma da matashi idan tsirkiyar nailan ce. Maɗaci ya fi dacewa da wuya da akwati. Itacen ya bushe sosai kafin a taɓa shi.

Akwai abin da ya kamata a faɗa a fili: matashi yana shafar sautin tsirkiyar da aka kaɗa sake ne kawai, domin da zarar an danna firet, ƙarfen firet ne ya karɓi aikinsa. Sirdi kuwa yana cikin kowane sauti. Wanda yake da ƙashi guda ɗaya mai kyau ya ba sirdi. Kuma a ganina, matashin roba da aka yanka daidai ya fi na ƙashi da aka yanka a karkace nesa ba kusa ba.

Yaya ake shirya ƙashin?

A yanke gaɓoɓin biyu, a fitar da ɓargo, a dafa shi a ruwa da omo na awa ɗaya ko biyu ba tare da tafasa mai ƙarfi ba, a canza ruwan idan ya yi maiƙo. Sannan a yanka shi gunduwa-gunduwa kusa da girman da ake so, a shanya a inuwa na makonni. Maiƙo shi ne abin tsoro, saboda idan ya rage zai riƙa tsatsowa ya shiga katako ya hana gam kamawa. Duk inda aka ga rawaya mai sheƙi a jikin ƙashin, bai gama fita ba. Kada a jiƙa shi a bilic don ya yi fari, domin yana sa ƙashi ya yi gautsi. Wajen gogewa a rufe hanci da baki, a yi a waje, saboda ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu.

Ana iya amfani da ƙusa mai zare a matsayin matashi ko jaki?

Ana iyawa, kuma tsohuwar dabara ce a jitar akwatin sigari. Zaren ƙusar da ake ɗaura wa noti yana riƙe tsirkiya a wurinta ba sai an yanka rami ba, kuma idan ana son canza tazara sai a canza ƙusar da mai wani kauri. Aibinta shi ne tsirkiya tana zama a tsakiyar zagayen ƙusar, don haka daga tsakiyar ake fara awo, ba daga gefe ba. Tana kuma yawan yin tsawo ga jita mai firet, sai an sassaƙa mata gurbi a wuya ta nutse.

Wata dabarar da ta fi sauƙi ga mai koyo ita ce a kafa ƙarin firet a daidai wurin matashi, tsirkiya ta zauna a kansa, matashin kuma ya koma baya yana raba tsirkiyoyi kawai. Da haka tazarar farko takan fito daidai ba tare da gogewa ba.

Idan da wuyan kwalba zan riƙa kaɗawa fa?

Salon zamiya da wuyan kwalba ko guntun bututu, wanda makaɗan salon kiɗan bulus na yankin Misisipi a Amurka suka shahara da shi, yana son tazara ta fi haka, kusan milimita 3 zuwa 4 idan ana son a riƙa dannawa da yatsu ma. Idan jitar ba ta da firet sam, ana iya wuce haka. A nan ana son saman tsirkiyoyin su yi layi ɗaya don kwalbar ta taɓa su tare.

Akwatina na gwangwani ne, kuma yana lotsawa a ƙarƙashin jaki. Mene ne magani?

Kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya shahara da shi gwangwani ne da aka rufe da fata, amma tsirkiyarsa ɗaya ce. Jita mai tsirkiya uku zuwa shida tana danna murfi da ƙarfin da galan ba zai jure ba. A zura sandar wuya ta ratsa akwatin har ƙarshe, a ɗaure tsirkiyoyi a jikinta, ta yadda ita ce za ta ɗauki ja. A faɗaɗa gindin jaki don nauyin ya bazu, ko a liƙa siririn katako a ƙarƙashin murfin. Kada jaki ya zauna a bakin akwati inda murfi ba ya motsi; kusan kashi ɗaya cikin uku daga ƙarshe ya fi ba da sauti, kuma tun wajen yanka wuya ake lissafa wannan.

Me ya sa jitata take daidai da damina amma take ƙara da hunturu?

Katako yana shan laima ya kumbura, ya kuma bushe ya tsuke. Masana'antu suna haɗa jita a laimar da ke tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, alhali a Kano ko Zinder da hunturu takan faɗi ƙasa da kashi 20. A lokacin murfin akwati yana nutsewa, jaki ya sauka tare da shi, tsirkiya ta kusanci firet, har bakin firet ya riƙa fitowa a gefen wuya yana kartar hannu. Da damina kuma murfin ya taso, tazara ta ƙaru. Maganin da masu jita suka daɗe suna yi shi ne a ajiye sirdi biyu, mai ɗan tsawo na rani da gajere na damina, bambancinsu bai wuce milimita 1 ba. Da hunturu a riƙa ajiye jitar cikin jakarta tare da ɗan jiƙaƙƙen soso a leda mai huji, kada ruwan ya taɓa katako, kuma kada a fara goge ƙashi a makon farko da iska ta juya, a bari katakon ya zauna tukuna sannan a sake aunawa a firet na 12.